Ƙasar da Dijatu Ta Tankaɗe

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da Kwaji, a ɗakin gwajin sinadarai na wata babbar makaranta a nan Mubi, shekarar 1994, kuma na fi shi iya aikin. Ba cika baki nake yi ba, shi ma ya sani. Ni na nuna masa yadda ake haɗa gilasan tatsa ba su yi yoyo ba. Ni na fizge hannunsa ranar da ya tashi zuba ruwa a cikin asid. A kwano ɗaya muke cin shinkafa da wake, in an tashi kuma babur ɗina ke sauke shi Nassarawo kafin in wuce gida Sabon Layi. Yana ce mini Abdul, ina ce masa Kwaji, babu wanda ke jin nauyin wani.

A 2009 aka sami gurbin ƙaro karatu a Malesiya, mutum ɗaya tak. Mu biyu muka nema, aka ba shi. Na raka shi tasha, na yi masa addu'a da baki, na dawo na ci gaba da wanke kwalabe. Ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, yana can yana shan iskar fanka, ni kuwa ina cikin daji da matata Rabi da 'ya'ya huɗu, muna tafiya a ƙafa ba mu san inda za mu kwana ba. Da gari ya lafa muka dawo, na tarar an farfasa ɗakin gwajin. Ni na share gilasan da hannuna. Ni na bi tarkace ina tsintar abin da ya tsira, har na sake tayar da tukunyar tatsa guda ɗaya cikin takwas da muke da su. Babu wanda ya ce mini sannu.

Sai ga Kwaji a 2016, ya yi tumbi, ya sa tabarau, ana ce masa Dakta, a bayansa kuma mota ce ɗauke da akwatunan katako uku. Shugaban makaranta da kansa ya fito tarbar akwatunan. Aka yi wa ɗaki ɗaya fenti, aka sa masa na'urar sanyi, aka kafa allo a ƙofa da sunan Kwaji. Ɗakin nan shi ne wanda na share.

Dole in faɗi abin da injin yake yi, domin duk da haushinsa da nake ji, abin kallo ne. Aikinmu shi ne mu gano gubar da ta maƙale a cikin ƙasa, kamar maganin ƙwarin gona ko baƙin mai. Kafin a auna guba sai an raba ta da ƙasar tukuna. Ni a tawa hanyar, sai in zuba ƙasa a tukunyar gilashi, in dafa wani sinadari mai wari, ya riƙa hawa yana ɗigowa a kanta yana wanke ta, awa goma sha shida ina zaune ina gadi. Shi kuwa injin Kwaji da iska yake aiki, irin iskar nan da ke tashi in an buɗe kwalbar lemo. Sai ya matse ta matsa mai tsanani, ya ɗan ɗumama ta, har ta kai wani hali da ita ba iska ba ita ba ruwa ba. A wannan halin tana ratsa ƙasa ko'ina yadda iska ke yi, tana kuma narkar da guba ta kwaso ta yadda ruwa ke yi. In an sassauta matsin sai ta koma iskarta ta tafi, ta bar gubar a gindin wata 'yar kwalba. Daga nan sai a sa a na'urar awo, ita kuma ta zana layi a takarda. In akwai guba layin ya yi tsini sama, in babu ya kwanta.

"Minti arba'in, Abdul," in ji Kwaji ranar da ya fara kunna shi, yana shafa ƙarfen. "Minti arba'in kawai, ba wari, ba ciwon kai. In mun samu babban, gona gaba ɗaya za mu kwashe ƙasan mu wanke mu mayar. Zo ka riƙe nan in nuna maka firesha, ƙarfin matsin."

"A'a, Dakta, kada in ɓata maka kaya," na ce.

"Wane Dakta kuma? Ni ne fa, Kwaji."

"Ai girman ne Allah ya ba ka, Dakta."

Ya dube ni, ya koma kan injinsa. Ni kuwa na koma lunguna wurin tukunyata, wadda ɗalibai suka fara yi wa laƙabi da tukunyar Baba. Hassada ce, ba sai wani ya gaya mini ba, na san sunanta tun a lokacin. In na ji ƙarar injin nan ta bango sai abinci ya fita raina. In baƙi suka zo aka wuce da su ɗakin sanyi ba a ko leƙo ni ba, sai in kai gida ina yi wa Rabi faɗa a kan gishirin miya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin bai canza mini fuska ba ko kaɗan. Da ya yi mini girman kai da na sami abin riƙewa.

A watan Nuwamba Jauro Hammanjoda, mai unguwa a Sahuda, ya zo makaranta wurin Kwaji tare da wata dattijuwa mai suna Dijatu. Mijinta ya rasu a hanyar gudun hijira, ya bar ta da jikoki biyar da fili guda a gangaren mayo, wato rafin da ya bi ta bayan unguwarsu. A saman filin akwai wani tsohon sito da wani ɗan kasuwa ke ajiye maganin ƙwari, har da irin na dā wanda aka hana sayarwa. Lokacin tashin hankali aka cinna wa siton wuta, durom-durom suka fashe, abin da ke ciki ya malalo gangare ya shiga filinta. Awakinta uku da suka yi kiwo a wurin sun mutu. Shekara biyu ke nan ba ta sa fartanya a ciki ba, tana aikatau a gonakin mutane.

"Mun ji an ce an kawo inji mai ganin cikin ƙasa," in ji Jauro. "Abu ɗaya take so a gaya mata. Ta shuka ko kar ta shuka?"

Dijatu ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Shi ke nan abin da nake da shi, Dakta. In ya mutu a gaya mini ya mutu."

Kwaji ya durƙusa a gabanta, da tumbinsa da komai, ya ce, "Dada, ki ba mu sati biyu. Ba za mu gaya miki ƙarya ba."

Bayan sun tafi ya zana taswirar filin a takarda yadda Jauro ya kwatanta, ya yi ɗigo goma sha biyu, yawancinsu a ƙasan gangare inda maganin ya kwanta. Ya ɗauko kwalabe goma sha biyu masu ruwan ƙasa-ƙasa da ƙarfen haƙa, ya ajiye a kan teburina.

"Abdul, gobe zan je Yola karɓo tulun iska. Ka taimake ni ka ɗebo sampul ɗin ƙasan nan. Ba wanda na yarda da hannunsa kamar kai."

Na san gaskiya ya faɗa, amma abin da kunnena ya ji shi ne aike. Wato ni, mai shekara ashirin da biyu a bakin aiki, ni zan hau keke napep in bi shingen sojoji har Sahuda a bakin iyaka, in yi ta tonon ƙasa mai wari a rana, in kawo wa Dakta ya danna maɓalli a ɗakin sanyi a tafa masa. Na ce to. Da ya juya baya na kira Jauro a waya, na ce a gaya wa tsohuwar ta ɗebo ƙasar filin ta kawo makaranta.

Kwana huɗu bayan nan ta iso, da langa a ka, an rufe da murfi an ɗaure da ƙyalle mai tsabta, irin yadda ake kai wa suruki abinci. Ta sauke a gabana ta buɗe. Ƙasa ce ja, lukui, babu tsakuwa ko ɗaya, babu saiwa, babu wari. Na sa hannu na murza, na ji ta kamar garin tuwo.

"Inna, daga wane wuri kika ɗebo wannan?"

"Daga sama, gindin mangwaro, Malam. Can ne mai kyau."

"Na ƙasan gangaren fa?"

Ta kama baki. "Haba Malam! Wancan baƙi ne, yana wari kamar mushe. Ina zan kawo wa babban mutum kamar Dakta wannan ƙazanta? Mutumin da ya durƙusa mini? Na shanya wannan kwana uku, na daka, na tankaɗe da rariya sau biyu. In bai yi laushi ba in koma in sake."

Ba wauta ba ce ta yi. A wurinsu ba a miƙa wa baƙo abu sai an zaɓa an gyara, ko gero ne ko gyaɗa, kuma babu wanda ya gaya mata cewa mu mummunan muke nema. Ni ne ya kamata in gaya mata. Kalma biyar ta isa, in ce Inna, mai warin muke so. Na buɗe baki, sai na ji injin ya tashi ta bango, Kwaji ya dawo daga Yola yana gwada sabon tulu, ɗalibai suna ta shewa. Na rufe bakina.

"Ya yi, Inna," na ce. "Allah ya saka."

"Useko, Malam," ta yi godiya da Fulatanci, ta ɗauki langarta ta tafi.

Na raba ƙasar gindin mangwaro a kwalabe goma sha biyu, na rubuta musu lamba ɗaya zuwa sha biyu da kyakkyawan rubutuna, na kai masa. Ya buɗe ɗaya ya leƙa, ya yi dariya.

"Har ka busar ka tankaɗe mini? Kai Abdul, hannunka daban ne. A can ma ban ga mai gyara sampul haka ba."

Kwana biyu injin yana aiki. Takarda goma sha biyu suka fito, layi a kwance a kowacce. Kwaji ya jera su a tebur ya daɗe yana kallo, yana sosa ƙeya. Ya sake gwada uku daga ciki, suka fito yadda suka fito da farko. Sai ya zo har lunguna.

"Abdul, abin nan ya ba ni mamaki. Irin wannan magani ba ya mutuwa da wuri, yana iya shekara ashirin a ƙasa. Ka ɗiba a ƙasan gangare kuwa?"

"Wuri goma sha biyu, yadda ka zana," na ce, ina goge gilashi ban dube shi ba.

"To wataƙila wutan ya cinye yawanci, damina biyu kuma ya wanke sauran zuwa mayo." Ya yi ajiyar zuciya. "In kai ka ɗiba, ba ni da magana."

Ya rubuta wa Jauro takarda cewa ba a sami guba a filin ba, ya sa hannu.

Ga abin da na shirya, kuma sai da na auna shi sarai kamar yadda nake auna gishirin gwaji. A watan Afrilu wasu baƙi za su zo daga Abuja su duba aikin injin, su ga ko ya cancanci a kawo babbansa. Ni kuwa kafin nan zan je Sahuda a ɓoye, in ɗebo ƙasar gaske, in dafa ta a tukunyar Baba. Ranar taro, bayan Dakta ya gama nuna layukansa masu kwanciya, sai in miƙe in ce a gafarce ni, ga abin da tsohuwar hanya ta gani a fili ɗaya. Kowa zai ce injin ne makaho. Filin kuwa ban damu ba, domin a lissafina babu mai shuka sai ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni, kuma kafin nan gaskiya ta fito. Na gaya wa kaina babu wanda zai cutu sai allon da ke ƙofar ɗakin sanyi.

Farkon Disamba, ranar wata Asabar, na tafi. Na sauka nesa da gidan Jauro, na zagaya ta bakin mayo don kada a gan ni. Filin yana nan fayau, ciyawa ma ba ta fito sosai a ƙasan gangaren ba. Da na nutsa ƙarfen haƙa kamu biyu na zaro, warin da ya bugo ni sai da idona ya yi ruwa. Na cika kwalabe huɗu na gudo. Ranar Litinin na kunna tukunyata tun da sassafe, na ce wa Kwaji aikin ɗalibai nake yi. Da na sa abin da na tatso a na'urar awo, layin ya tashi tsaye har ya nemi fita daga takardar. Ban taɓa ganin irinsa ba tunda nake aiki.

Ya kamata in tsorata. Wallahi daɗi na ji. Na ninke takardar na sa a aljihun tebur na kulle, ranar har tsire na saya wa yara.

Ana nan cikin Janairu Kwaji ya shigo da wasu takardu a hannu, ya ajiye mini. Rahoton da zai gabatar wa baƙin Abuja ne. A shafin farko, ƙarƙashin kan magana, sunaye biyu ne, kuma nawa ne a gaba.

"Me ke nan, Dakta?"

"Injin wawa ne, Abdul, abin da aka ba shi yake ci. Mai ɗiban ƙasa shi ne mai aikin. Na kuma gaya wa shugaba, in babban injin ya zo, kai za a tura koyon sa wata shida. Tun 2009 abin nan yana damuna."

Na ce na gode. Wani zai zaci a nan zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Haushi ma na ƙara ji, wai shi ne yau mai ba ni, ni ne mai karɓa. Amma na riƙa buɗe shafin nan ina kallon sunana in ba kowa, kuma na daina sanin abin da zan yi ranar taro. In na fito da takardar aljihun tebur, na rusa rahoton da ke ɗauke da sunana. In na bar ta, shi ya ci. Na yi ta jujjuya abin mako bayan mako, kullum a kaina da Kwaji nake tunani. Tsohuwar ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Wata Laraba a ƙarshen Fabrairu na koma gida cin abincin rana. Tun daga zaure na ji ƙamshin miyar ganye. Rabi tana tsakar gida tana kwashe tuwo, yara sun kewaye ta da kwanuka.

"Yau ka yi baƙuwa," ta ce. "Wata tsohuwa daga Sahuda, Dijatu. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata gidan. Alayyafo ta kawo, dami guda, ka gan shi kore shar. Wai Dakta ya gaya wa Jauro kai ka yi wahalar aikin, shi ya sa ta ce yankan fari naka ne."

"Alayyafo daga ina?"

"Daga lambunta mana. Ta ce tun da takarda ta zo aka ara mata injin ban ruwa, ta ja daga mayo."

Ni ɗan Sabon Layi ne, jikan 'yan koli. Kakana daga Kano ya zo da jaki, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa riƙe fartanya. A kaina shuka da damina ake yi. Shekara hamsin ina cin ganyen rani a garin nan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda yake fitowa ba. Mai fili a bakin mayo ba ya jiran ruwan sama, balle wadda ta yi shekara biyu tana jira.

Na tsallake yara na sauke tukunyar miyar daga murhu, hannu ba tsumma, na kai bayan gida na kifar. Rabi ta biyo ni tana salati.

"Malam, lafiya? Me miyar ta yi maka?"

"Wani ya ci?"

"Ɗanɗanawa kawai na yi. Wai mene ne?"

"Dami nawa ta zo da shi?"

"Ta ce kwando shida ta yanka, ɗaya ta bar wa jikokinta, sauran ta wuce da su kasuwa."

Na fita ko hula ban ɗauka ba. Kafin keke ya kai ni layin masu ganye azahar ta wuce. Na yi ta tambaya, wata mai tumatir ta ce ai tsohuwar Sahuda tun hantsi ta sayar ta tafi, ganyenta ya yi kyau, masu abinci suka yi rububinsa. Na ce su wa da wa suka saya? Ta dube ni kamar na zautu. Na tsaya a tsakiyar kasuwa ina kallon mata suna wucewa da leda a hannu, kowace da ganye a ciki. Irin wannan guba ba ta kayar da mutum a ranar. Taruwa take yi a jiki, a hanta, a nonon uwa, kuma babu injin da zai bi mutane gida-gida ya tatso ta.

Daga kasuwa makaranta na nufa. Na buɗe aljihun tebur, na ɗauki takardar, na shiga ɗakin sanyi ba sallama, na shimfiɗa ta a gaban Kwaji. Ya dubi layin, ya dubi kwanan watan da na rubuta a gefe da hannuna, biyar ga Disamba. Na gaya masa komai a tsaye, tun daga wayar da na yi wa Jauro har zuwa langa da rariya, har abin da na shirya yi masa a gaban baƙi. Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga murya ɗalibai su ji, ko na sami abin da zan mayar masa.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Wata uku, Abdul."

"Wata uku."

"Ni ka so ka kayar, na ji. Ita fa, me ta yi maka?"

Ya tashi ya haɗa kwalabe da ƙarfen haƙa da kansa, ya ce in same shi a bakin ƙofar makaranta ƙarfe bakwai na safe. Bai ƙara ce mini komai ba, a mota ma washegari rediyo ya kunna har muka wuce shingen ƙarshe.

Jauro Hammanjoda ya raka mu filin. Ban gane wurin ba. An ja kunyoyi tun daga gindin mangwaro har ƙasan gangare, an kawo taki an rufe baƙar ƙasar, alayyafo da yakuwa da latas sun yi kore, tumatir ya fara fure. Dijatu tana tsakiya da tiyo a hannu. Da ta hango mu ta yar da shi ta taho da sauri tana gyara mayafi.

"Dakta! Malam! Sannunku da zuwa. Malam, iyali sun ji daɗin ganyen? Sati mai zuwa yakuwa zai isa yanka, shi ma zan kawo."

Kwaji ya durƙusa kamar yadda ya yi ranar farko. Ya ce, "Dada, takardan da na aiko ba daidai ba ne. Ƙasan yana da guba, mai yawa. Duk abin nan sai an tuge an ƙone. Wanda ke gida ma kar yara su ci."

Ta dube shi, ta dubi lambun, ta sake dubansa. Jauro ya maimaita mata da Fulatanci ko ba ta ji ba, ta ɗaga masa hannu, ta ji.

"Tun jiya suke ci," ta ce. "Da safe ma shi na ɗumama musu." Ta juya ga Kwaji. "Injin ne ya yi ƙarya?"

Kwaji bai ɗago ba. Da ya ce eh, da ta yarda, da Jauro ma ya yarda, kuma na ga alama a shirye yake ya bar maganar a kan injinsa. Abin da na yi wata uku ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini a gaban shaidu.

"Ba injin ba ne, Inna," na ce. "Ƙasar da kika kawo ce, ta gindin mangwaro. Mai warin ya kamata a gwada."

Ta dafe ƙirji. "Wayyo, ni na jawo ke nan. Ni na zaɓa, ni na tankaɗe." Sai ta tsaya, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni, karo na farko da ta dubi tsakiyar idona. "Amma Malam, kai ka karɓa a hannuna. Na gaya maka inda na ɗebo. Ba ka gane ba ne a lokacin?"

"Na gane," na ce.

Ta daɗe tana kallona. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta je ta kashe injin ban ruwa, sannan ta sunkuya a kunyar farko ta fara tuge alayyafon da hannunta. Na matsa zan taya ta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "A'a Malam, kar ka taɓa. Dakta ya taya ni."